Dan Allah a ba ni shawara, yarana sun rubuta "dagaci" a jarabawar bayoloji

Malamin Gona: Salamu alaikum 'yan uwa. Ni malami ne a wata sakandare a wani ƙauye ta wajen Gumel, asalina aikin gona na karanta a NCE kuma shi nake koyarwa shekara shida ba matsala. To sai mai bayoloji ya samu taransifa ya koma gari, firinsifal ya kira ni ofis ya ce ai gona da bayoloji ɗanjuma ne da ɗanjummai, in riƙe SS1 kafin a turo wani, yau wata biyar kenan ba a turo ko kaza ba, ga shi babur ɗina ma ya lalace kullum sai na bi motar kasuwa, ranar da ba kasuwa kuwa sai a ƙafa. Da muka zo darasin ƙwayar halitta, wato sel, na ga yaran ba sa gane komai, sai na kwatanta musu da garinmu. Na ce niyukiliyos gidan dagaci ne, daga nan umarni yake fita, DNA kuma takardun da ke ajiye a ciki. Maitokondiriya murhu ce, nan ake ƙona abinci a samu ƙarfi. Raibosom teloli masu ɗinka furotin. Golji 'yan dakon tasha masu ɗinke buhu su rubuta suna a tura shi inda za shi. Laisosom masu kwashe bola. Bakiyul kuma randa. Wlh sun ji daɗi har tafi suka yi. Na yi gwaji satin jiya, fiye da rabi sun rubuta aikin niyukiliyos shine sasanta rigimar gona. Wata yarinya ta zana sel ta sa masa masallaci. Sufeto zai zo makon gobe duba littattafai, yaya zan yi?

Tsohon Malami: Malam ka yi kuskure tun daga tushe, ba sai an ɓoye maka ba. Shekara 31 na yi ina riƙe alli. WAEC da NECO ba su san dagaci ba, da Turanci za a tambaye su da Turanci za su amsa. Ka zana jadawali a allo, suna a hagu aiki a dama, su haddace kamar yadda ake haddar allo, kullum da safe a biya. Ganewa daga baya take zuwa.

Maman Tagwaye: Hhhh sel mai masallaci, wlh yarinyar nan tana da basira. Ni dai malam ban ga laifinka ba, da haka aka koya mana da ban tsani bayoloji ba. Mu namu malamin shigowa yake ya juya mana ƙeya ya cika allo ya fita, har yau ina jin haushinsa, shi ya sa na faɗi na rasa makarantar nas, yanzu ga ni ina saida awara. Su nawa ne yaran ma? Kuma da wane yare ka yi gwajin?

Ɗan Lab: Kwatancenka ba laifi, amma ka manta i-ar, wato endofilasmik retikulum, ita ce hanyar da ta haɗa telolin naka da tasha. Iri biyu ce, mai kaushi wadda raibosom ke manne a jikinta, furotin yana shiga cikinta a naɗe shi sannan a tura Golji, sai mai santsi wadda take haɗa kitse kuma a hanta ita ke rage dafin magunguna. In ka bi da su tafiyar furotin guda ɗaya tun daga umarnin niyukiliyos har ya fita ta fatar sel, za su ga abin aiki ne a jere. Sannan me ka ce musu a kan kulorofilas?

Malamin Gona: Na ce musu ita ce gona, nan ake haɗa abinci da hasken rana da ruwa da iskar kabon. Kuma na ce shuka tana da kulorofilas, dabba tana da maitokondiriya, kowa da nasa.

Ɗan Lab: A'a malam, nan kam ka kauce. Shuka tana da duka biyun. Kulorofilas suga take haɗawa, amma sai maitokondiriya ta sarrafa sugan ya zama ATP, wato ƙarfin da sel ke aiki da shi, kafin sel ya amfana, ka tuna saiwar gero tana ƙarƙashin ƙasa ba ta ganin rana, da me take rayuwa? Ka gyara musu wannan kafin ma maganar sufeto.

Malamin Gona: To ai ni ban ce babu ba gaba ɗaya, sauƙaƙa musu na yi, yaran da wasunsu da ƙyar suke karanta sunansu. Kuma haka na gani a takardun darasin da wancan mai bayolojin ya bari.

Tsohon Malami: Kun gani ko. Shi ya sa na ce jadawali. Waye ya fara ganin sel, Robert Hooke a 1665, a ɓawon itace ya gani. Waye ya raɗa wa niyukiliyos suna, Robert Brown. Golji sunan mutum ne ɗan Italiya, Camillo Golgi, 1898. Mutum yana da kuromosom 46, wato ƙunshin DNA da ke cikin niyukiliyos. Irin wannan ake tambaya, maki ɗaya ɗaya suna taruwa. Ɗalibaina akwai likitoci yanzu, ba wanda na taɓa ce wa randa. Amma wa ke jin maganarmu, tun da na yi ritaya ko giratuti ban gani ba, shekara uku ana ce min fayil yana sama.

Na Bakin Kogi: Allah ya fito da shi baba. Malam kai manomi ne ai, ka yi amfani da abin da ka sani. Ka tsinko alayyahu ka bar shi a rana ya yi yaushi, ka tsoma a ruwa su ga ya miƙe, wannan bakiyul ce ta cika da ruwa ta tokare bangon sel, randar taka kenan a zahiri. Sannan fatar albasa da ɗigon aidin a maikiroskof za su ga bango da niyukiliyos da idonsu. Mu a Hadeja haka aka yi mana.

Malamin Gona: Akwai maikiroskof guda ɗaya amma yana sito, makullin kuma yana hannun wanda ya tafi aikin Umara.

Ɗan Lab: Ko an buɗe kar ka yi musu alkawarin raibosom, wannan sai maikiroskof mai ilektiron. Kuma wani abu da zai rushe maka dagaci, jajayen ƙwayoyin jinin mutum in sun nuna ba su da niyukiliyos ba su da maitokondiriya, suna yawo haka kamar kwana 120. Bakteriya ma ba ta da niyukiliyos, DNA ɗinta a sake yake, wannan shine babban bambancinta da sel ɗinmu, kuma ana yawan tambayarsa.

Maman Tagwaye: Gari ba dagaci kenan, irin unguwarmu tun da mai unguwa ya rasu 'ya'yansa ke ta rigima. Ni na ji an ce maitokondiriya daga uwa kaɗai ake gadonta, gaskiya ne?

Ɗan Lab: Gaskiya ne hajiya, tana da ɗan DNA nata daban kuma ta wajen uwa yake zuwa.

Maman Tagwaye: Alhamdulillah, bari babansu ya dawo.

Tsohon Malami: Duk wannan surutu ne. Makon gobe sufeto littafi zai buɗe, ba alayyahu zai duba ba. Ka sa su yage shafin nan su kwafi jadawali da tsafta, ka sa hannu da jan biro.

Malamin Gona: Baba ina girmama ka amma yage shafi kam ba zan iya ba, iyayensu da ƙyar suke sayen littafin. Kuma ni har yanzu ina ganin sun gane, Turancin ne kawai ya ba su matsala, yaron da ya rubuta sasanta rigima ai ya san nan ne ake iko. Maganar maitokondiriya a shuka zan duba littafi tukuna. Wai akwai wanda yake da lambar mai gyaran babur a Gumel da ba ya tsawwalawa?

Na Bakin Kogi: Wane irin babur ne?