Kunamar ruwa da kifin bakan gizo a tanki ɗaya: waɗanda suka gwada a Sakkwato su ba mu labari

Daga Mabera:
Assalamu alaikum 'yan uwa masu kiwon kifin ado. Ina da tankin gilashi mai tsawon ƙafa 6 da faɗin ƙafa 2, cikinsa akwai kifin bakan gizo guda takwas, irin Boesemani, masu shuɗin gaba da ruwan lemo a baya. Shekara guda ke nan suna hannuna. Yanzu wani a Legas ya yi mini tayin 'yar kunamar ruwa, wato kifin nan mai faɗi kamar faifai da ke da ƙarin harbi a wutsiya, irin motoro, faɗinta bai wuce tafin hannu ba, kuma wallahi ta kwanta mini a rai. Kafin in tura kuɗi ina so in ji daga bakin wanda ya taɓa haɗa su wuri ɗaya a nan garin, da zafinmu da ɗauke wutarmu.

Daga Arkilla:
Wa alaikumus salam. Na haɗa su, kuma na yi asara. Nawa bakan gizon ƙananan nan ne da ake ce wa praecox, tsawonsu bai wuce santimita 6 ba. Da rana lafiya lau, su suna sama, ita tana kwance cikin rairayi, idanu kawai a waje. Ashe da dare ne ake ta'adin. Idan aka kashe fitila bakan gizo sukan sauko ƙasa su yi lamo, ita kuma lokacin take farauta. Wata rana na tashi sallar asuba na haska tocila, sai na ga ta kife a kan ɗaya kamar an rufe shi da faifai, tana motsa gefen jikinta har ta kai shi baki. Cikin mako uku, goma suka koma huɗu. Naka Boesemani suna kai santimita 10, sun fi ƙarfin bakinta yanzu. Amma ka tuna motoro takan kai faɗin santimita 40 zuwa 50, ban da wutsiya. Tanki mai faɗin ƙafa 2 ko juyawa ba za ta yi a cikinsa da daɗi ba.

Daga Runjin Sambo:
Ɗan uwa, ni ba cin juna ne ya dame ni ba, watan Afrilu ne. Dukansu biyu ruwan da suke so bai wuce digiri 24 zuwa 28 ba. Mu kuwa a bazara waje yana haura 40, ruwan tankina a falo ya kai 33. Ruwa in ya yi ɗumi iskar da ke cikinsa raguwa take yi. Ranar da wuta ta ɗauke tun azahar, kafin magariba bakan gizon duk sun taru a sama suna haki, ita kuma ƙofofin nan biyu na bayan idanunta suna buɗewa suna rufewa da sauri, gefen jikinta ya fara nannaɗewa sama. Duk wanda ya yi kiwonta ya san wannan nannaɗewar ba alamar alheri ba ce. Na yi ta zuba ruwa da kofi daga sama don iska ta shiga, na jefa robobin ƙanƙara a ɗaure, amma ba ta kai safe ba. Har yau abin yana ci mini rai, don wata bakwai ina ba ta abinci da hannuna. Bakan gizon sun rayu, sun fi ta juriya nesa ba kusa ba. Kada ka sayo ta sai kana da sola da batir da za su riƙe matatar ruwa da injin iska dare da rana. Fanka mai hura saman ruwa tana rage zafi sosai, sai dai ka sa raga, don bakan gizo akwai tsalle. Da hunturu kuma in za ka sa hita ka yi mata kariya, domin kunamar takan kwanta a jikinta ta ƙone.

Daga Gawon Nama:
Ni tawa shekara biyu ke nan tare da jajayen bakan gizo, 'yan asalin tafkin Sentani, manya guda bakwai. Maigida ne ya sa aka yi mana tanki mai faɗin ƙafa 3. Wahalar da na sha ta abinci ce. Bakan gizo akwai zafin nama, kafin tana ta kai ƙasa sun wawushe, har na ga ƙasusuwa biyu sun fito a bayan kunamar kusa da wutsiya. Sai na yanko bututun roba, nake zura mata tana da jatan lande har gabanta, bayan na watsa wa na sama nasu a ɗaya gefen. Tana ci da yawa, tana ɓata ruwa da yawa, don haka sau biyu a mako nake canza kashi ɗaya cikin uku. Ita 'yar kogunan Amurka ta Kudu ce, Boesemani naka kuma daga tafkunan Ayamaru na Indonesiya, masu son ruwa mai ɗan nauyi, wato mai ma'adinai a narke, amma wadda aka haifa a tanki ta saba da ruwan burtsatsenmu. Ku guji maganin kifi mai sinadarin tagulla, kashe ta yake yi.

Daga Kwalkwalawa:
Yarana, ni Basarke ne, ban taɓa kiwon kifi a gilashi ba, jikana ne ya karanta mini zancenku. Muna da irin tamu a Binuwai da Kwara, ko da yake yanzu ta yi wuyar gani. Ina saurayi na taka ta a Binuwai, ta harbe ni a idon sawu. Ban taɓa jin zafi irin wannan ba. Ruwan zafi iya wanda fata za ta jure shi ya sassauta mini, amma sai da aka kai ni asibiti aka wanke ciwon. Wanga kifi ba ya neman faɗa, sai an taka shi ko an matsa masa. Ku dai hana yara sa hannu.

Daga Gawon Nama:
Gaskiya ne Baba. Ƙarin da take harbi da shi ma yakan faɗi, sabo ya fito. Na taɓa tsintar tsohon cikin rairayi, tun daga nan da dogon cokali nake tonawa, murfin kuma na sa masa kwaɗo saboda yara.

Daga Mabera:
Allah ya saka da alheri, Baba, Hajiya, da sauran 'yan uwa. Na kira mutumin na ce ya sayar wa wani. Batir ɗina ba ya kai asuba, tankin kuma ya yi ƙunci. Zan fara da sola, in ga yadda ruwan zai yi a bazara mai zuwa. Hajiya, don Allah a tambayar mini maigida kaurin gilashin da aka yi naku da shi.