Dan Allah ƴan Glasgow ku taimaka, wai wane ne Lord Provost kuma me ya sa maƙwabciyata ke ce min kaza?

Amaryar Glasgow:
Slm ƴan uwa, barkanmu da warhaka. Watana uku kenan da biyo maigidan nan Glasgow, shi yana karatu ni ina gida da yarinya, kuma wlh ni da na ɗauka ina jin turanci tunda har digiri na yi da shi, ashe ban san komai ba. Tsohuwar da muke hawa bene ɗaya da ita kullum muka haɗu sai ta ce min "hen", na duba ƙamus na ga kaza, raina ya ɓaci na daina gaishe ta. Shekaranjiya kuma ta tare ni tana cewa wai "wean" ɗina ta kwana tana "greetin", ni kuwa na yi murmushi na ce na gode, ta bi ni da wani irin kallo. To ga babbar matsalar, an gayyaci su maigidan liyafa a City Chambers, wato ginin majalisar gari, a katin an rubuta Lord Provost ne mai masaukin baƙi, ya ce tare za mu je. Provost ɗin wace kwaleji ce? Ya ake gaishe shi, durƙusawa ake yi ko me? Kar in je in kwafsa a gaban mutane.

Maman Ƴan Biyu:
Hhhh ƙanwata kin ban dariya wlh har yara na tambayata lafiya. Maza ki je ki ba baiwar Allahn nan haƙuri. Hen ba zagi ba ne, kamar a ce miki ƴar nan ko ƴata, tsofaffin nan haka suke kiran mace idan sun sake da ita. Wean yaro ƙarami kenan, greetin kuma kuka ne, babu ruwansa da gaisuwa. Kin ga matar cewa ta yi ƴarki ta kwana tana kuka, wataƙila ma jaje take miki, ke kuma kika yi mata godiya. Ga wasu ki riƙe tun yanzu: in ta ce za ta je "messages" cefane za ta, "piece" burodi ne da aka sa wani abu a tsakiya, "ginger" duk wani lemon kwalba ne ko da babu citta a ciki, in nas ta ce za a yi wa yarinya "jag" allura ce. Wanda ya fi wahalar da ni shi ne "how". Kina faɗin abu sai su ce how, ke ki ɗauka ta yaya suke nufi ki hau bayani, alhali don me suke tambaya.

Malamin Zariya:
Hajiya, ruɗanin naki yana da dalili. A gida Provost shugaban kwalejin ilimi ne, Rector kuma na foliteknik, to nan duk an juya su. Provost a Sikotland shugaban gari ne tun zamanin da, kalmar asalinta Latin ce, ma'anarta wanda aka ɗora a gaba. Birane 4 ne ke da Lord Provost na dindindin, Edinburgh, Glasgow, Aberdeen da Dundee, sauran yawanci Provost kawai ake cewa. Kansila ne, ƴan uwansa kansiloli ke zaɓensa, shi ke jagorantar zaman majalisar gari, ya tarbi manyan baƙi, ya rataya sarƙar zinare a wajen taro. Amma kuɗi da siyasa suna hannun jagoran majalisa, wato wani mutum daban. Kusan kamar mai rawani ne da ciyaman, sai dai shi wannan rawanin ba a gadonsa.

Sannan kin ce "shi". Wadda aka zaɓa a 2022 mace ce, Jacqueline McLaren, kuma ko mace ce Lord Provost ɗin dai ake ce mata. Kar ki ce Lady Provost, wannan a al'adarsu matar Lord Provost ake kira haka. Babu durƙuso, gaisuwa ce kawai a tsaye.

Ɗan Aberdeen:
Ku ƴan Glasgow ai da sauƙi naku. Mu nan arewa maso gabas yarensu Doric, duk inda turanci ya sa wh su f suke sawa. Ranar da na sauka direban tasi ya ce "fit like", na tsaya ina duba ƙafata, ashe ya kake yake nufi. Yaro loon, yarinya quine. Kuma in kin je Edinburgh ko Dundee ba za ki ji wean sosai ba, bairn suke cewa, ga "ken" a ƙarshen kowace magana kamar yadda muke cewa ka gane ai. Ni dai abin da na lura, ba lalataccen turanci ba ne kamar yadda na zata da farko, yaren Scots ne, a ƙidayar 2011 mutum wajen miliyan 1.5 suka ce suna magana da shi. Kamar bakano ne ya je Sakkwato ya ce ba su iya Hausa ba.

Malamin Zariya:
Na manta, da wuya ma ki ga Lord Provost ɗin ita kanta, sau da yawa Bailie ake turowa. A da Bailie alƙalin gari ne mai yanke ƙananan shari'u, da aka rushe tsohon tsarin garuruwa a 1975 ikon ya tafi sunan ya rage, yanzu a Glasgow kansila ne da ke wakiltar Lord Provost wajen biki, wakili kenan. Rector kuwa a jami'ar Glasgow ɗalibai ke zaɓensa, ba shi ke tafiyar da jami'a ba, Principal ne mai wannan. Ɗaliban jami'ar Glasgow har Winnie Mandela suka zaɓa a 1987 tana can Afirka ta Kudu.

Anti Lauya:
Duk waɗannan na ado ne, ga wanda za ki kiyaye. Sheriff a nan ba ɗan sanda mai malafa ba ne irin na finafinan Amurka, alƙali ne a kotu. Procurator Fiscal mai gabatar da ƙara ne. In kuka ga takarda daga sheriff officers to maganar bashi ce ko umarnin kotu, yawanci harajin gida, kar ku ajiye ta a ƙarƙashin katifa, ku nemi shawara a ranar. Factor kuma kamfanin da ke kula da gyaran benenku ne, su ma takardarsu kuɗi ce. Sai masu tallar wai ka sayi taku ɗaya na fili a intanet ka zama Laird ko Lord, dan Allah kar wanda ya ba da kuɗinsa. Laird mai ƙasa ne na gaske, kuma ofishin Lord Lyon da ke kula da irin waɗannan abubuwa bai yarda da wannan takardar ba.

Amaryar Glasgow:
Innalillahi, ashe ni ce mai laifi. Na gode ƙwarai Allah ya bar zumunci. Yanzu na soya cincin na kai mata, ta yi ta dariya da na ba ta labarin kazar, ta ce in shigo gobe "the back of five" mu sha "tea". Anti kafin biyar kenan ko bayan biyar?

Maman Ƴan Biyu:
Biyar da ƴan mintuna. Kuma kar ki ci abinci ki tafi, tea ɗin nan tuwon dare ne.