Iskar hunturu ta hana ƙudan zumana fita kiwo, ina mafita?

Mai tambaya: Slm ƴan uwa masu kiwon zuma, dan Allah ina neman shawara. Amyoyina suna kan tudu a gona, fili ne fetal babu bishiya kusa, tunda hunturu ya kankama sai naga ƙudan basa fita sosai, waɗanda suka fita ma in sun dawo sai iska ta riƙa kaɗa su a bakin ƙofa wasu har su faɗi ƙasa, ga mangwaro ya fara fure amma saƙar ba ta ƙaruwa. Nace ko in ja katangar bulo ne in kare su?

Amsa ta farko: Wslm. Malam kar ka soma ka gina katanga, asarar siminti ce. Iska in ta daki bango tsallakewa take ta dawo tana juyawa a bayansa kamar ƙaramar guguwa, wannan juyawar ita tafi wahalar da ƙuda ma fiye da iskar dake tafiya miƙe, don yana zuwa sauka ɗauke da kaya sai ta birkita shi. Abinda kake buƙata shinge ne mai ƴan kafofi, darnin kara ko zana, wanda iska zata ratsa ƙarfinta ya karye. Ka kafa shi ta arewa maso gabas inda hunturun ke fitowa, ƙofar amya kuma ta baiwa iskar baya.

Amsa ta biyu: Gaskiya ne. Gudun ƙudan zuma bai wuce wajen kilomita 24 a awa ɗaya ba, in ya ɗauko ruwan fure ma ya ragu, to in iskar ta kai haka ya zaiyi? Fiffikensa na kaɗawa kusan sau 230 a sakan guda kuma zumar ce man da yake ƙonawa, yaƙi da iska na nufin abinda ya samo a hanya zai ƙare. Shiyasa ranar iska zaka gansu suna bin ƙasa ƙasa ko gefen shinge, kuma suna daɗewa kan fure kafin su tashi.

Amsa ta uku (wani dattijo): Yaro ka sauko dasu daga tudun nan kawai, ka kai inuwar bishiya, da dare za'a ɗauka ba da rana ba. Kuma ba iska kaɗai bace, sanyin asuba ma na hanasu, sai hantsi suke fita. Ka aje musu ruwa kusa ka zuba tsakuwa ko ƴan karare a ciki kar su nutse, ƙudanmu na nan in sun takura tashi suke gaba ɗaya su bar maka amya ba kowa.

Mai tambaya: Nagode Baba, Allah ya saka da alheri. To darnin tsawonsa ya zai kai?

Amsa ta farko: Ya ɗara tsayin amyar sosai, kamar tsawon mutum ya isa, ka bar ɗan taku tsakaninsu. In damina ta faɗi ka dasa darbejiya ko zogale a layin.