Wane gilashin kyamara zan saya don hoton tsuntsaye?

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Da kyamarar Canon 700D da gilashin 75-300mm nake ɗaukar tsuntsaye a bakin Kogin Kaduna da sassafe. Zalɓe da balbela ƙanana suke fitowa kamar ɗigo, in na yanke hoton kuma sai ya dushe, balle yanzu da hazo. Na ɗaura abin ninka nisa sau 2, sai kyamarar ta kasa saita kanta, tana ta lalube har tsuntsun ya tashi. Abin ya ishe ni.

Kuɗina ba zai sayi sabo ba, sai na hannu. Gilashi biyu nake dubawa: Sigma 150-600mm ya kusa kilo 2, Sigma 100-400mm kilo 1 da ɗan kai, ni kuma ba ni da maɗora mai ƙafa uku. Don Allah, ga mai ɗauka a hannu, wanne zan saya?