Wa ta iya cusa karela irin na Indiyawa?

Maman Biyu: Slm 'yan uwa, dan Allah wa ta iya girkin nan da Indiyawa ke tsaga karela, wani kayan lambu mai ɗaci mai ƙuraje a baya, su cusa masa kayan ƙamshi? Maigidan ne ya ci a Delhi lokacin da ya raka Baba asibiti, tun daga nan yake min santi, shekaranjiya sai ga shi da leda guda daga wani shagon Indiyawa. Na gwada jiya wlh ɗaci kamar maɗaci, kuma duk abin da na cusa ya zube a mai ya ƙone ƙurmus.

Hajiya Babba: Ikon Allah, na ga hoton, ai wannan ɗan uwan garafuni ne 'yata, sai dai namu ƙanana ne ba wurin cusa komai. Mu dai magani muka san shi, ashe wasu cefane suke da shi.

Ɗalibar Indiya: Hhh Hajiya a nan har yara ci suke. Bharwan karela suke ce masa. Anti Maman Biyu kin sa masa gishiri kuwa kafin ki soya? Nan ne sirrin. Ki kankare ƙurajen bayan da wuƙa amma kar ki zubar, ki tsaga shi ta gefe ɗaya a tsaye ba tare da kin raba shi biyu ba, ki ƙwaƙule 'ya'yan, sai ki murza gishiri da kurkum ciki da waje ki ajiye kamar awa 1, za ki ga wani koren ruwa ya fito, ki matse shi sosai kamar kina matse wanki. Abin cusawa kuma albasa ce da yawa, wajen manya 3 ga karela 6, ki soya ta sai ta yi ja tare da kankararren bayan nan shi ma bayan kin matse, ki zuba shammar da kusbara da kamun da barkono, sai amchur, wato garin busasshen ɗanyen mangwaro. Ki bari ya huce tukun ki cusa. Sannan ZARE. Zaren ɗinki na gida za ki naɗe kowanne da shi, matar da nake haya a gidanta sai ta zagaya shi kusan sau goma kafin ta ɗaure, rashin zaren ne ya sa naki ya zube.

Maman Biyu: Kai, ni ko gishirin ban sa ba, wanke shi kawai na yi. To amchur ɗin nan a ina zan samu?

Uwar Gida: Ba sai kin wahala ba, tsamiya mai kauri cokali 1 ta wadatar. Shammar da kusbara kam masu kayan ƙamshi a Kurmi ba sa rasawa. Ni na fi son irin na mutanen Gujarat, su da dakakkiyar gyaɗa suke yi da garin waken nan nasu besan da gur, gur kuwa ba komai ba ne mazarƙwaila ce. Zaƙi da tsami su suke danne ɗacin. Kuma wuta can ƙasa ƙasa, mai kaɗan, ki rufe kina juyawa minti 25 haka, in kika cika wuta waje ya ƙone ciki ɗanye.

Amarya: Anti ƙuli-ƙuli fa a madadin gyaɗar?

Uwar Gida: Na taɓa, yana yi amma yana shanye ruwa ya bushe, sai kin ƙara albasa.

Ɗalibar Indiya: Wadda ba ta jure ɗaci ta cusa niƙaƙƙen nama, keema karela kenan, Musulmin nan da 'yan Pakistan suna yinsa sosai. Ba karela kaɗai ba ma, suna cusa tinda da parwal, wasu ƙananan kayan lambu dangin duma, mutanen Bengal har kifi suke sa wa parwal. Wai har soso suna ci tun yana ɗanye shar kafin ya yi zare, ranar da na gane abin da ke faranti na sai da na ajiye cokali.

Amarya: To ai mu akwai duma a bayan gida, na tsinko ƙanana in gwada?

Anti Nas: A'a Amarya tsaya. Lauki da suke ci duma ne amma irin marar ɗaci, namu na ƙwarya yawanci mai ɗaci ne kuma ɗacin duma guba ne, dahuwa ba ta kashe shi, amai da gudawa har da jini yake sawa, a Indiyar ma an rasa rayuka ta shan ruwan mai ɗacin. Ki ɗanɗana ɗan yanki ɗanye, in da ɗaci zubar. Karela ɗacinsa daban ne, amma shi ma yana sauke suga, mai shan maganin suga ya ci kaɗan, mai ciki kuma ta haƙura.

Maman Biyu: Na dawo da rahoto. Na yi da tsamiya da mazarƙwaila, ɗacin bai tafi duka ba amma yanzu mai daɗi ne, da gurasa muka ci tunda ban iya chapati ba. Matsala ɗaya, ba wadda ta ce min a warware zaren kafin a kai faranti, Alhaji na ta jan zare daga baki yana tambaya ko haka ake ci.

Ɗalibar Indiya: Wayyo Anti laifina ne, almakashi ake sawa a yanke.