Inshorar mota ga ɗan shekara 35: abin da masu harkar suka ce a Katsina

Abu na farko da aka yi ittifaƙi a kai: shekarunka ba sa rage ko ƙara kuɗin inshorar dole, wadda ke biyan ɓarnar da ka yi wa wani. Tun 1 ga Janairu 2023 NAICOM, hukumar kula da inshora ta ƙasa, ta mayar da ita naira 15,000 a shekara ga motar gida, daga 5,000. Tana biyan ɓarnar dukiya har naira miliyan 3, amma ba ta gyara taka motar ko da fitila guda.

Cikakkiyar inshora, wadda ke biyan ɓarnar taka motar ma, ita ce mai nauyi. Ba ta gaza kashi 5 cikin ɗari na darajar motar, wato motar miliyan 8 za ta ci 400,000. Wasu kan rage darajar don su biya kaɗan, ranar da aka sace motar sai a biya su abin da suka rubuta.

An daɗe ana magana kan takardun inshora na bogi. Duk wanda ya miƙo maka takarda a dubu biyar, guje masa. Kafin ka bar wurin, danna *565*11# ka sa lambar motar. In ba ta fito ba, takarda kawai ka saya.

Mai ɗaukar fasinja zuwa Daura da motar gida ya faɗa wa kamfanin, in ba haka ba za su iya ƙin biya. Mai gudun kuɗin ruwa kuma akwai takaful, wato inshorar tsarin Musulunci, irin na kamfanonin Jaiz da Noor.