Taimakon gaggawa: me za mu kira aggression da Hausa?

Ƴar Zazzau: Salamu alaikum. Gobe da ƙarfe tara nake da shiri a rediyo kan wasannin harbe-harbe da yara ke bugawa a waya. Binciken da nake fassarawa ya raba aggression da violence, ni kuwa duk "tashin hankali" ke zo mini. A 2015 ƙungiyar masana halayyar ɗan Adam ta Amurka ta ce wasannin na da alaƙa da aggression, amma babu isasshiyar hujjar cewa suna kai mutum ga aikata manyan laifuka. In na sa kalma ɗaya, maganar ta ƙaryata kanta.

Bakatsine: Cin zali.

Malamin Hausa: Cin zali ai sai mai ƙarfi kan mara ƙarfi. Yaran da masanin halayyar ɗan Adam Bandura ya gwada a jami'ar Stanford ta Amurka a 1961, ɗan tsanan roba suka yi ta jibga da guduma bayan sun ga babba ya yi. Zalin wa suka ci? Ni dai "ƙeta". A ɗakin gwaji ma ita ake aunawa: yawan yajin da za ka zuba wa wanda ka san ba ya so, ko ƙarar da za ka sakar masa a kunne.

Na Damagaram: Malam, ƙeta a ɓoye ake yin ta. Wanda ya sharara maka mari a tsakiyar kasuwa ba a ce masa maƙetaci. Ta'adi fa?

Dattijo: Larabci kuma! Na daɗe ina faɗa, "farmakanci" ya kamata a ce, daga farmaki. Amma da yake ba daga jami'a ta fito ba, an yi kunnen uwar shegu.

Bakatsine: Baba, in aka ji farmakanci a rediyo, sai a ɗauka shirin masu kemis ne.

Dattijo: Ku yaran yanzu, Hausar taku ma ta aro ce.

Na Damagaram: Baba, "hankali" da "jami'a" fa daga ina suka zo?

Ƴar Zazzau: Iyayena, a yi mini afuwa, dare na yi. Zan sa "halin cutarwa", violence kuma ya zauna a tashin hankali.

Malamin Hausa: Ƙara "da gangan", don direban da birki ya ƙwace masa ma ya cutar. Ta yi tsawo, amma za ta kai ki gobe.

Dattijo: Wannan ai bayani ne, ba kalma ba. Je ki dai.